Me Ya Kashe Ƙaramin Ambulan? Bayani Kan Tara Ƙananan Wasiƙu Da Kan Sarki

Daga Wheaton, jihar Maryland

Waɗanda suka taɓa zuwa gidana sun san wani baƙin kundi da nake ajiyewa a ɗakin karatu, wanda da zarar an gama cin tuwo nake ɗauko shi ko ba a tambaya ba. Babu komai a cikinsa sai tsofaffin ambulan na wasiƙa, amma ƙanana ƙwarai, wasu ba su kai katin banki girma ba, tare da wasu 'yan kan sarki da ba su fi farcen ɗan yatsa ba. An sha yi mini tsiya a kai, wai injiniya da furfurarsa ya zauna yana auna takarda da rula kamar ɗan firamare. To, yau ga bayanin, domin akwai abin da ya shafe mu duka a ciki, musamman masu tsofaffin wasiƙun gida a cikin jaka ko a ƙarƙashin gado.

Abin ya samo asali ne a 2004, bayan sunan 'yarmu ta biyu. Uwargida ta sayo wasu 'yan katunan godiya masu kyau, kowanne da ɗan ambulan ɗinsa, muka zauna da daddare muka rubuta adireshi kusan arba'in, muka manna kan sarki, da safe na zuba su a akwati. Bayan 'yan kwanaki sai ga su suna dawowa. Na kwashe su na tafi gidan waya ina huci, ma'aikaciyar ta ɗauko wani faifai mai zane-zane ta ɗora ɗaya a kai, ta nuna mini cewa gefensa bai kai layi ba. Dokar ƙasar nan ita ce, wasiƙa ba za ta kasa inci 5 a tsawo da inci 3 da rabi a faɗi ba, kaurinta kuma kada ya kasa inci 0.007. Abin da bai kai haka ba, ko ka manna masa kan sarki goma, ba za a ɗauka ba. Laifina ne, na kwashe kayana na dawo. Amma tambaya ta tsaya mini a rai: wa ya yanke wannan awo, kuma don me?

Shekara biyu bayan haka, a 2006, aka yi babban bajekolin kan sarki na duniya a birnin Washington, daga ƙarshen watan Mayu zuwa farkon Yuni. Na je kallo kawai. A teburin wani dattijo mai sayar da tsofaffin wasiƙu akwai kwali na dala ɗai-ɗai, ina tonawa sai na ci karo da wani ambulan da bai fi ashana kwali biyu a jere ba, da kan sarkinsa, da hatimin gidan waya na shekarun 1880, da sunan wata mata an rubuta da siririn alƙalami. Ashe a da ana ɗaukar irin wannan. Na biya dala ɗaya, kuma daga ranar na shiga sahun masu wannan ciwo.

Yadda ƙananan ambulan suka yi yayi

Shi kansa ambulan ba tsohon abu ba ne a harkar wasiƙa. Kafin 1840, a Ingila ana biyan kuɗin wasiƙa ne bisa nisan tafiya da yawan fallen takarda, kuma ambulan ana lissafa shi a matsayin falle guda. Don haka mutane sai su ninke takardar da suka yi rubutu a kai, su liƙe da kakin hatimi, su rubuta adireshi a bayanta. Da Rowland Hill ya kawo gyara a 1840, aka koma biya bisa nauyi, kwabo ɗaya ga rabin oza zuwa ko'ina a ƙasar, aka kuma fito da kan sarki na farko a duniya, baƙi mai hoton Sarauniya Victoria. Amurka ta koma lissafin nauyi a 1845, ta fitar da nata kan sarkin a 1847. Tun da ambulan ya daina ƙara kuɗi sai kowa ya rungume shi, har a 1851 aka nuna injin ninke ambulan a babban bajekolin birnin Landan.

A wancan zamani babu wanda ya damu da girman ambulan, domin hannu ne ke buga hatimi, hannu ne ke rarrabawa. Sai masu sayar da takarda suka shiga yin su iri-iri. Akwai ƙanana da ake yi wa mata, wasu da ado a gefe. Akwai na saka katin ziyara, wanda mutum ke aikawa da sunansa kawai don gaisuwa ko taya murna. Akwai na sanar da haihuwa, waɗanda su ne suka fi ƙanƙanta a cikin abin da na tara, kamar ana so ambulan ya yi daidai da jaririn. Akwai kuma masu baƙin layi a gefe, na sanar da rasuwa, ta yadda tun kafin a buɗe mai karɓa ya san abin da ke ciki. Yawancin waɗannan a cikin gari ɗaya suke yawo, daga wannan unguwa zuwa waccan, kuma kuɗin irin wannan aike ya fi sauƙi.

Ma'aikatan gidan waya dai ba su taɓa son su ba. Ɗan ƙaramin ambulan yakan shige cikin babba, ko ya zame daga ƙunshin da aka ɗaure da igiya, hatimi kuma yakan rufe rabin adireshin. Amma ƙorafi ne kawai, har sai da inji ya zo.

Abin da ya faru a Silver Spring

Nan ne abin ya burge ni a matsayina na mai aikin injuna, domin a maƙwabtanmu aka fara. A 1957 aka kafa injin rarraba wasiƙu na farko a Amurka a gidan waya na Blair da ke Silver Spring, 'yan mil kaɗan kudu da Wheaton. Sunansa Transorma, ƙirar ƙasar Holan. Mutum biyar ke zama a kansa, wasiƙa ta zo gaban kowannensu, ya karanta adireshi, ya danna lamba, injin ya ɗauke ta ya jefa a ɗaya daga cikin ramuka 300. A awa ɗaya yana iya raba wasiƙu 15,000. Sauran injuna suka biyo baya, har da mai juya wasiƙa ya nemo kusurwar da kan sarki yake ya buga masa hatimi da kansa.

Ga yadda matsalar take. A cikin irin waɗannan injuna wasiƙa a tsaye take tafiya, a kan gefenta, bel biyu sun matse ta, tana wucewa daga wannan gargare zuwa na gaba. Tsakanin kowane gargare biyu akwai tazara. Dole kafin na baya ya saki wasiƙa na gaba ya riga ya cafke ta. Idan ta gaza wannan tazarar a tsawo, akwai ɗan lokacin da babu mai riƙe da ita, sai ta karkace ko ta faɗi, waɗanda ke binta a guje su taru a kanta, layi ya tsaya. Idan kuma ta cika gajarta, idon injin ba zai gan ta a inda yake sa ran ganinta ba. In ta cika siranta, sai ta lanƙwashe ko injin ya zari biyu a haɗe. Duk wanda ya taɓa aiki a masana'anta ya san cewa ba a gyara inji don abu ɗaya cikin dubu; abin ake hanawa shiga.

Haka kuwa aka yi. Daga farkon 1963, shekarar da aka fito da lambobin ZIP, aka hana ambulan da bai kai inci 3 da inci 4 da kwata ba. A watan Yulin 1979 aka ɗaga zuwa awon da ake kai yanzu, wanda ya dawo mini da katunan suna. Daga baya ma aka ware wani fili a ƙasan ambulan ta dama, mai tsawon inci 4 da kashi uku cikin huɗu, don inji ya buga 'yan layukan nan da yake karantawa, ka ga ke nan ambulan mai inci 5 da ƙyar ya ɗauke shi. Injunan yau suna wuce wasiƙu 30,000 a awa. Wannan ne kuma dalilin da ya sa ake cajin ƙarin kuɗi a kan ambulan mai kusurwa huɗu daidai wa daida, irin na katin biki: inji ba ya gane ina ne samansa. Tsakanin ƙasa da ƙasa ma akwai awo, Ƙungiyar Gidajen Waya ta Duniya ta sa milimita 90 da 140.

Ma'anar wannan ga mai tarawa ita ce an rufe ƙofa. Kan sarki ana buga sababbi kowace shekara, amma ƙaramin ambulan da ya bi ta gidan waya da hatiminsa, ba za a ƙara yin wani ba. Waɗanda suka rage su ne ke nan, kullum kuma raguwa suke.

Su kuma ƙananan kan sarki

Waɗannan labarinsu daban ne, yawanci tsimi ne ya haife su. Wanda aka fi ambata a matsayin mafi ƙanƙanta shi ne na jihar Bolívar ta ƙasar Kolombiya, na 1863, milimita 8 da 9 da rabi. Ƙwayar masara ta kusa rufe shi. A Jamus, tun kafin ta zama ƙasa ɗaya, masarautar Mecklenburg-Schwerin ta fitar da wani a 1856 wanda ake iya yanka shi gida huɗu, kowane yanki ya yi aiki da kansa a kan rubu'in kuɗin. Ingila ta fitar da na sisin kwabo a watan Oktoban 1870 don aika jaridu, aka yi shi rabin girman na kwabo, wai rabin kuɗi rabin takarda, guda 480 a falle ɗaya maimakon 240. Turawa suna kiransa bantam, sunan wani irin ƙaramin zakara. Afirka ta Kudu ta ƙanƙance nata daga 1942 saboda ƙarancin takarda a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. Ita ma Amurka ta gwada a 1978 da wani na santi 13 mai hoton tsohon kwabonta, guda 150 a falle maimakon 100, ta sake gwadawa a 1980 da mai hoton Dolley Madison.

Ban da na Bolívar, wanda na jabunsa ya yi yawa har ban yarda in saya ba tare da takardar shaidar masana ba, yawancin sauran ba su da tsada. Da kuɗin cin abincin rana ɗaya mutum zai iya haɗa uku ko huɗu.

Namu na gida

Kan sarkin ƙasarmu ba su cikin ƙanana, girmansu na kowa ne. An fara buga masu sunan Arewacin Nijeriya a 1900 da hoton Sarauniya Victoria, sai na Sarki Edward na Bakwai daga 1902, sai na George na Biyar a 1912, kafin haɗewar 1914 ta kawo masu sunan Nijeriya kawai. Tun da Kano da Sakkwato a 1903 suka faɗa hannun Turawa, kan da mutanenmu suka fara gani a kusurwar wasiƙa na sarki ne ba na sarauniya ba, kuma ina kyautata zaton daga nan sunan ya samo asali, ya kuma zauna har lokacin da aka daina sa kan kowa. A cikinsu akwai na fam 25 na 1904, wanda ke cikin mafiya tsada a duk Afirka ta Yamma; wannan sai dai mu gani a littafi. A Nijar kuwa, a 1921 Faransawa suka buga sunan yankin a kan wani kan sarki mai hoton mahayin raƙumi, a 1926 kuma suka fitar da masu hoton ganuwar sojan Zinder da masu jan ruwa a rijiya.

Amma ƙaramar wasiƙa ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Tun kafin gidan waya, sarakuna da malamai da fatake suna aika takarda da larabci ko ajami, a ninke ta ƙanƙanuwa kamar za a ɗinke laya, manzo ya sa a aljihu ko cikin rawani. Wasiƙun da aka samu a gidan Wazirin Sakkwato Buhari a 1903, waɗanda H. F. Backwell ya fassara aka buga a 1927, shaida ne kan yawan rubutun da ke kai da kawowa tsakanin masarautu. Takarda tana da tsada, daga hamada ake kawo ta, ba a ɓarnar ta. Wannan ɗabi'a ba ta bar iyayenmu ba. Duk wanda ya zo ƙasar nan kafin wayar salula ta shiga Nijeriya a 2001 ya san 'yar takardar nan da ake yagowa daga littafin makaranta, a ninke ta sau shida, a rubuta suna a baya, a ba matafiyi ya kawo hannu da hannu.

A nan ne zan faɗi abin da ya sa na ce maganar ta shafe mu. Da Allah ya yi wa mahaifina rasuwa a 2011, na je Kano, bayan sadakar bakwai muka buɗe adakarsa. A ciki akwai wasiƙu masu yawa na 'yan uwa, tun na zamanin kakanmu, amma kusan duk tsirara, babu ambulan. Kuma na san wanda ya yi wannan aika-aika, domin ni ne. Ina sakandare a shekarun 1980 aka yi yayin tara kan sarki a makarantarmu, na lallaɓa na kwashe ambulan ɗin, na yage kusurwoyinsu, na jiƙa a ruwa na ɓamɓare kan sarkin, sauran na zubar. Kan sarkin ma ban san inda suka ƙare ba. Mutanenmu na da kuwa ba su cika rubuta kwanan wata a wasiƙa ba, daga gaisuwa sai magana. Hatimin gidan waya da ke kan ambulan shi ne kaɗai ke faɗin gari da rana da shekara. Yanzu ga wasiƙu a hannunmu, ana maganar haihuwa da aure da rabon gona, amma ba mu san wacce ta riga wacce ba.

Guda ɗaya ce ta tsira, don ƙanƙantarta ta sa ta maƙale a cikin wani littafi. Ambulan ne mai santimita 7 da 11, wanda yau ba zai wuce ba. Yayan mahaifina ne ya aiko wa kakanmu daga Bukuru, inda ya je aikin kuza. Adireshin da boko, da hannun wani mai rubuta wa mutane wasiƙa, a ƙasa kuma shi da kansa ya ƙara sunan mahaifinsa da ajami. Kan sarkin na kwabo biyu ne mai hoton haƙar kuza, daga jerin nan na 1953 da ya ƙunshi na kwabo mai mahayan Barno da na ahu mai gyaɗa da birnin Kano. Hatimin ya nuna 1956. Shekara da shekaru ana gardama a gidanmu kan yaushe wannan bawan Allah ya bar Kano, wasu na cewa bayan samun 'yancin kai ne. Wannan 'yar takarda ta raba gardamar. A kasuwar masu tarawa ba za ta yi dala goma ba, amma ita ce a shafin farko na kundina.

Ga mai son farawa

Doka ta farko, kada a cire kan sarki daga ambulan. Masu wannan harka sun fi daraja ambulan cikakke, kuma abin da suke fara dubawa shi ne ko hatimin ya hau kan sarkin ya kuma taɓa jikin ambulan, domin wannan ne ke nuna tare suka yi tafiya ba daga baya aka manna ba. A juya baya a duba, sau da yawa akwai hatimin garuruwan da wasiƙar ta ratsa da na ranar isarta. Sannan a bambance wanda aka aika don buƙata da wanda wani mai tarawa ya ƙirƙira don wasa ya aika wa kansa. Ni na fi son na farko ko da ya yi datti.

Kowa da iyakar da yake sa wa kansa. Tawa ita ce, ba na sayen abin da ya kai awon 1963, wato inci 3 da inci 4 da kwata. Ina auna kowanne da milimita, in rubuta da fensir a wata takarda daban, ba a jikinsa ba.

Wajen ajiya, abokan gaba su ne danshi da rana da salatif da roba mai ɗaure kuɗi. Kada a kai a liƙe shi cikin leda da zafi kamar yadda muke yi wa takardun makaranta, wannan kashe shi ne, ba a kuma iya warwarewa. Akwai 'yan riguna na leda marasa sinadari da ake sayarwa don wannan aiki. A Maryland kada a ajiye a ɗakin ƙarƙashin ƙasa, danshin bazara zai sa ya yi fumfuna, kada kuma a kai saman rufi. Na gida kuwa gara ce matsalarsu, don haka in an je hutu a buɗe adakar tsofaffi da izininsu, a ɗauki hoton gaba da bayan kowane ambulan, a tambaye su wane ne wannan tun suna da rai.

Mai son gani da ido, gidan tarihin wasiƙu na Smithsonian yana daura da Union Station, an buɗe shi a 1993 a tsohon ginin babban gidan wayar birnin, kuma shiga kyauta ne. Daga Wheaton jirgin ƙasa na jan layi zai kai ka ba tare da canji ba, in ka jure wa doguwar matakalar tasharmu mai ƙafa 230. A 2013 suka buɗe babban zauren kan sarki, inda ake jawo allunan daga bango ɗaya bayan ɗaya. Yara suna son wannan. Don saye kuma akwai bajekolin NAPEX da ake yi a arewacin Virginia, a nemi kwalayen dala ɗaya ko biyu a ƙarshen tebur, a nan ƙananan suke ɓuya. Masu sha'awar na yankinmu su nemi ƙungiyar West Africa Study Circle da mujallarta Cameo.

Yanzu ina da ɗari da 'yan kai, yawancinsu na Amurka da Ingila, na Nijeriya guda shida kacal. Abin da nake nema har yau ban samu ba shi ne ƙaramin ambulan daga Zinder ko Maraɗi mai ɗauke da kan sarkin nan na raƙumi. 'Yan uwanmu na Nijar, in wani ya gani a kayan kakanni, ba saya nake so in yi ba, a bar shi a gidansu. A dai ba ni dama in auna shi in ɗauki hotonsa, gaba da baya.